Ƙwayoyin da ke cikin ƙullin daddawa

Ina tsaye ina tuƙa tuwon shinkafa, hantsi ya ɗaga, sai na ji sharaɓar ƙafata ta hagu ta ɗaure kamar an zarga mata igiya an ja. Ba irin ciwon gajiyar da na saba da shi ba ne. Na jingine muciya, na ɗage jallabiyata na duba, sai na ga ƙafar ta fi 'yar uwarta kauri, fatar tana ƙyalli, in na taɓa kuma zafi rau kamar gefen tukunya. Gabana ya faɗi, don akwai abin da na sani game da jikina wanda nake zaton babu mai saninsa a duk faɗin Dubai. Na saki jallabiyar, na ɗauki muciya na ci gaba da tuƙi, saboda da an idar da azahar 'yan kasuwa za su fara shigowa cin abinci.

Sallama gare ku masu kula da wannan shafi, da ku masu karantawa. Na daɗe ina bin labaran da mutane ke aikowa, ban taɓa cin karo da irin nawa ba, kuma ban sani ba ko za ku yarda ku buga shi. Ba zan faɗi sunana ba, ba zan faɗi na kowa ba, ba kuma zan ambaci garinmu ba.

Namiji aka haife ni. An yanka rago, an raɗa mini sunan maza, shi ne a takardar sakandare ɗina, shi ne a fasfo. Amma tun ban san hagu da dama ba, ban taɓa jin kaina a matsayin namiji ba, mace nake jin kaina, har gobe. Na san abin da wasu za su faɗa in sun kai wannan layin. Na ji shi duka a bakin mutane, na kuma faɗa wa kaina wanda ya fi shi zafi a kan sallaya, ina kuka ina roƙon Allah ya cire mini. Ban rubuto don in yi gardama da kowa ba, wannan tsakanina da Mahaliccina ne. Na rubuto ne a kan yadda na kusa mutuwa a ƙasar mutane saboda tsoron buɗe baki a gaban likita.

Ƙauyenmu ƙarami ne, in damina ta yi nisa mota ba ta shiga. Ni ce auta a ɗakinmu, Baba ya rasu ina ƙarama, sai na tashi a gindin murhun Inna. Yayyena maza sun yi duka har sun gaji, kan tafiyata, kan yadda nake riƙe hannu, kan muryata. Inna ba ta taɓa cewa komai ba. In sun gama ta miƙo mini ludayi ta ce, Auta, duba miyar nan. Muna da asibitin sha-ka-tafi mai ɗaki biyu, ma'aikaci ɗaya ne a ciki, kuma ɗan garin ne. Ina aji huɗu na sakandare barci ya ƙaurace mini, abinci ya fita raina, in na ga rijiya sai in tsaya ina kallon cikinta fiye da yadda ya kamata. Na tattara ƙarfin halina na je wurinsa, na ce zuciyata ce ke ciwo. Ya tambaye ni me ya kawo haka, ni kuma da yake ya sa farar riga, na zaci wurin faɗa ne, na faɗa masa. Ya yi dariya har da buga tebur, ya ba ni maganin ciwon kai, ya ce in je a yi mini aure zan warke. Kafin la'asar zancen ya kai majalisar bakin kasuwa. Washegari yara suka bi ni da waƙa har ƙofar makaranta. A ranar na ɗauki darasin da ya kusa kashe ni daga baya: asibiti ba wurin faɗin gaskiya ba ne.

Bayan na gama sakandare na fara bin Inna kasuwar mako ta garin da ke gaba da mu. A can na haɗu da wata mai soya kaji, wadda mutane ke kira ɗan daudu, mu kuma na kusa da ita muna ce mata Anti. Ita ce mutum ta farko da ta dube ni ba ta yi dariya ba, ba ta kuma yi a'uziyya ba. Ta zaunar da ni a benci, ta ba ni cinya guda, ta ce kar in damu, ba ni kaɗai ba ce a duniya. Daga bakinta na ji labarin ƙwayoyin tsarin iyali, waɗanda matan aure ke sha. Ta ce in aka dage da su fata tana laushi, gashin fuska yana raguwa, ƙirji yana ɗan tasowa, kuma su duka haka suke yi. Mai kemis ɗin garin bai taɓa tambaya ba, da na ce matar yayana ce ta aiko ni sai ya miƙo. Babu wanda ya auna mini jini, babu wanda ya ce ga iyaka. In na ga canjin ya yi jinkiri sai in ninka. Ba zan yi muku ƙarya ba, ranar da na fara ganin alamar canji a jikina ita ce ranar da na daina tsayawa a bakin rijiya. Shi ya sa ko da Anti ta ba ni labarin wata ƙawarta da ta faɗi tana wanke-wanke ba ta ƙara tashi ba, aka ce jifa ce aka yi mata, ban haɗa abin da komai ba. Ita ma Antin ba ta haɗa ba.

Anti ce ta samo mini aiki a wani gidan abinci a Kano, a can kuma wata Hajiya mai zuwa Dubai saro kaya ta ɗanɗana miyar kukata, ta tambayi wanda ya dafa. Tana da fulat a unguwar Hor Al Anz ta Dubai inda take sayar wa 'yan kasuwarmu abincin gida, don mutumin Kano ko ya yi wata yana cin biriyani, ranar da ya ga tuwo sai ya manta da kwantenarsa. Ta yi mini biza a matsayin kuku, namiji, kamar yadda fasfo ya nuna. Na yi murna ƙwarai. Na zaci in na yi nisa da inda aka san ni zan samu wurin shan iska.

Ashe a ƙauye ma na fi samun sarari. A can ko ba komai akwai bayan gari, akwai ɗakin Inna. A nan kwana nake a wani ɗaki a unguwar Abu Hail mai gadaje masu hawa biyu, cike da maza, akwai namu, akwai 'yan Ghana, akwai wani ɗan Fakistan mai minshari. Kullum da wani yankin zane nake ɗaure ƙirjina tamau, in ɗora jallabiya mai faɗi, da shi nake kwana, da shi nake tashi. Banɗaki kaɗai ne inda nake kwance shi, shi ma ana buga ƙofa ana cewa yalla, yalla, wato in yi sauri. Tun a makon farko an ja mini kunne cewa ƙasar nan ba ta wasa da namijin da ya yi kama da mace, kamawa ake yi, a tsare, a sa a jirgi. Sai na koyi taka ƙasa da ƙarfi, na koyi yin magana daga maƙogwaro, na rage maganar ma gaba ɗaya. 'Yan kasuwar suna tsokanata, wani ya ce, kukun Hajiya, wannan hannu naka ai ya fi na uwargidana, da mace ne da na kai sadaki, sauran su kwashe da dariya, ni ma in yi, in koma kicin in tsaya ina kallon bango. Ranar Juma'a da yamma in na samu hutu sai in hau jirgin ƙasa na metro zuwa unguwar Al Rigga, in yi ta tafiya ni kaɗai ina kallon abayoyi da mayafai ta bayan gilashi. Wani lokaci in shiga in taɓa, in ce wa mai shago ƙanwata zan saya wa. Ban taɓa saye ba. Ina zan ajiye, yaushe zan saka?

Ƙwayoyin kuwa ban daina ba, su kaɗai suka rage mini. Ban isa in shiga kemis a Dubai da fuskar namiji in nemi maganin mata ba, sai muka yi dabara da Anti. Duk lokacin da za a kawo wa Hajiya kayan miya daga Kano, kuka da kuɓewa busasshiya da yaji da daddawa, Anti takan haɗa da ƙulli guda na daddawa ta ce nawa ne, irin ta garinmu. A tsakiyarsa take cusa su cikin leda. Babu mai son tona ƙullin daddawa, warin kaɗai ya ishe shi. Nakan ajiye shi a can saman kabad ɗin kicin, in haɗiya in na tabbatar Hajiya tana waya.

To, ranar da ƙafar ta kumbura, da yamma Hajiya ta ga ina ɗingishi. Ta sa na nuna mata, ta latsa, ta ce sanyin esi ne, kowa ya zo garin nan sai ya kama shi, mutum ya fito daga zafin kicin ya kwana cikin ƙanƙara ai dole jijiya ta ɗaure. Ta ce ko mu je asibiti, tunda akwai katin lafiya. Na ce a'a da sauri har ta dube ni. Na ce ba komai, gobe zai sauka. Sai ta ɗauko man zafi, ta sa na zauna a kan buhun shinkafa, ta dafa ruwa, ta gasa mini ƙafar da tawul, ta murza ta da iyakar ƙarfinta daga idon sawu zuwa gwiwa, kamar yadda ake yi wa mai targaɗe a gida. Ina cije baki tana cewa in yi haƙuri, sai an fasa sanyin. Haka muka yi ta yi kullum bayan an watse. Wani Alhaji mai kayan waya ya ji labari ya turo mini wanzami ɗan Nijar da ke yi wa 'yan kasuwar ƙaho a unguwar Deira, ya kafa mini a sharaɓar, ya nuna mini baƙin jinin da ya fito ya ce ga ciwon nan ya fita, khalas, an gama. Na so in yarda da shi. Amma a raina ina tuna ƙawar Anti da ke wanke-wanke, kuma a karon farko na fara haɗa labarinta da ƙullin da ke saman kabad. Duk da haka a ranar ma sai da na sha ƙwayoyin. Ina jin tsoron su, ina kuma jin tsoron rabuwa da su.

Bayan 'yan kwanaki ƙafar ta ɗan sassauta, sai numfashi ya karɓa. Matakalar tashar metro da nake hawa da gudu ta koma sai na tsaya a tsakiya na dafa ƙarfe. In na ja iska sai in ji kamar an soka mini tsinke a ƙarƙashin haƙarƙari. Na zaci zanen ne na ɗaure da yawa, na sassauta shi kaɗan, bai canza ba. Wata safiya na yi tari a banɗaki na ga jini a tafin hannuna. Na wanke, na sa jallabiya, na tafi aiki. Ina tafe ina lissafi a zuciyata: in na je asibiti za su ce in cire riga, in na cire za su gani, in sun gani za su kira 'yan sanda, in an kama ni kafin jirgi ya sauka a Kano labarin ya riga ni, don bakin 'yan kasuwa ya fi jirgi sauri, daga Kano kuma ya isa majalisar bakin kasuwarmu, yara su koma bin Inna da waƙa a tsufanta. Na auna wannan da mutuwa, kuma ina jin kunyar faɗa muku cewa mutuwar ce ta fi mini sauƙi. Na ce in na mutu a kicin ai zazzaɓi za a ce. Ban ma yi tunanin cewa masu wankan gawa za su gani ba.

Ana cikin cin abincin rana abin ya faru. Falo cike da mutane, ana ta musu a kan kuɗin kago, wani yana kiran a ƙaro miya. Na sunkuya zan ɗauki tukunya sai kicin ɗin ya juya, na ji ni a ƙasa, bakina a buɗe amma iska ta ƙi shiga. Hajiya ce kaɗai a wurin. Ta yi salati, ta durƙusa, ta kama wuyan jallabiyata ta yage don in samu iska, sai hannunta ya sauka a kan zanen. Ina kallonta tana kallona. Na so in riƙe mata hannu, ba ni da ƙarfi. Ta miƙa ta ɗauko almakashin da muke yanka kaza, ta datse zanen, ta ga abin da ke ƙarƙashi. A daidai lokacin na ji takun maza sun taso daga falo suna tambaya lafiya. Kafin na farko ya kai bakin ƙofa Hajiya ta fizge mayafinta daga kafaɗa ta lulluɓe ni da shi daga wuya zuwa ciki, ta tsaya a ƙofar daga ita sai ɗankwali, ta ce kar wanda ya shigo, iska yake buƙata, mai waya a hannu ya kira motar asibiti. Alhaji mai kayan waya ya ce a bari su ɗauke shi su fito da shi, ta ce Alhaji, tuwonka yana hucewa, koma ka zauna.

Ban san yadda aka sauko da ni ba. Na farfaɗo da roba a hanci, allura a hannu, mayafin yana nan a jikina, ashe na damƙe shi na ƙi saki har a cikin mota. An ɗauki jini, an tura ni cikin wata na'ura an ɗauki hoton ƙirjina, aka kwantar da ni a ɓangaren maza aka ja labule. Duk takalmin da na ji ya doso sai in ce 'yan sanda ne. Akwai wani mai gadi da ke wucewa da kaki, duk wucewarsa sai na'urar da ke kaina ta canza kuka.

Likitar da ta zo 'yar Indiya ce, babba, da furfura a goshi. Alhajin ya biyo mu tare da Hajiya, ya ce zai yi tafinta, na ce na gode, Turancin sakandare ɗina zai isa. Ta sallame shi, ta sallami Hajiya, ta ja labulen da kyau. Ta ce jini ne ya daskare a jijiyar ƙafata, wani gudaji ya ɓalle ya tafi huhu, kuma da wanda ya ɓalle ya fi haka girma da ba mu yi wannan maganar ba. Ta tambaya ko an murza ƙafar. Na ce kullum. Ta ce murza irin wannan ita ke ɓalle gudaji ta tura shi huhu. Sannan ta tambaye ni wane magani nake sha. Na ce babu. Ta sake tambaya, na ce sai na ciwon kai. Ta ja kujera ta zauna, abin da ban taɓa ganin likita ya yi ba. Ta ce mai shekaruna ba ya samun irin wannan haka kawai, ta riga ta ga hoton, ta ga jikina, ba tambayata take ko ni wace ce ba, tambayata take me nake haɗiya, don in ba ta sani ba za ta narkar da wannan gudajin ni kuma in koma gida in haɗa wani, kuma na biyun ba ya barin mutum ya iso asibiti.

Fuskar ma'aikacin asibitin garinmu nake gani, yana buga tebur. Na ji muryar yaran nan. Sai kuma na tuna Inna, na ga an zo an ce mata Auta ya mutu a Dubai, tana tambaya me ya same shi, babu mai amsa. Na buɗe baki na faɗa mata. Na faɗi irin ƙwayar, na faɗi tun yaushe, na faɗi ninkawar, har daddawar na faɗa, duk da sai da na yi ta kwatance kafin ta gane mece ce daddawa. Ba ta yi dariya ba. Ta tambaya ko wani ya taɓa auna jinina a duk tsawon shekarun, na ce ko sau ɗaya. Ta ce waɗannan ƙwayoyin ba don abin da nake nema aka yi su ba, irin sinadarin da ke cikinsu yana sa jini kauri, ga tsayuwar yini guda a kicin, ga rashin shan ruwa don gudun yawan shiga banɗaki. Ta ce daga yau na rabu da su har abada. Na tambaye ta, da muryar da ni kaina ban ji ta sosai ba, ko za a kira 'yan sanda. Ta ce ita huhu aka kawo mata, huhu za ta yi wa magani, abin da magani ke buƙata shi za ta rubuta. Ta ce ba za ta iya yi mini alkawari a kan ƙasar gaba ɗaya ba, amma ita ba za ta ɗaga waya ba. Ta ƙara da cewa akwai wuraren da likitoci ke duba irina da awo da kulawa, amma ba nan ba, kuma ba ita ba.

Kwanakin da suka biyo baya su ne mafi tsawo a rayuwata. Ana yi mini allura a ciki, ana auna numfashi, ba a ce na tsira ba, ba a ce ban tsira ba. Gadon da ke kusa da ni wani dattijo ne Balarabe, 'ya'yansa suna cika wurin da dabino da hira. Ni babu mai zuwa sai Hajiya, takan kawo kunun gyaɗa ta ajiye ta zauna tana danna waya. A zuwanta na uku, ba tare da ta ɗago kai ba, ta ce ta daɗe da sanin abin da ke cikin daddawar. Ta ce wata rana tata ta ƙare ta ɗauko tawa, ta gani, ta mayar ta ɗaure yadda ta same shi, ta ce a ranta ba ruwanta, tunda tuwo yana fita da kyau. Ta ce da ta san abin da ƙwayoyin ke yi wa jini da ba ta sa hannunta ta murza ba, kullum in ta tuna ita ce ta tura gudajin sama sai abinci ya fita ranta. Na ce ba laifinta ba ne. Ta ce ta zubar da ƙullin a bola. Sannan ta ce in bizata ta ƙare ba za ta sabunta ba, ba don ƙi ba, amma garin nan in abu ya fashe ba ni kaɗai zai ci ba, har ita da fulat ɗinta. Ta ce babu wanda zai ji daga bakinta, ta gaya wa 'yan kasuwa ciwon huhu ne. Ban ji haushinta ba. Ta yi mini abin da ba wanda ya taɓa yi mini, ta kuma nuna mini iyakar inda za ta iya kaiwa.

Na tura wa Anti saƙon murya na gaya mata abin da likita ta ce. Da ta amsa, sunan ƙawarta kawai ta ambata, ta ce ashe ba jifa ba ce, sai kuka. Ta ce yanzu haka akwai yara uku daga ƙauyukan gefenmu da ita ta nuna musu hanyar kemis.

Saboda waɗannan ukun na rubuto, da sauran da ban sani ba, don na san suna nan a kowace kasuwar mako, suna cewa matar yayansu ce ta aiko su. 'Yar uwa, na san abin da ƙwayar nan take ba ki, na san ba kwalliya kike nema ba, numfashi kike nema. Ba ni da wata hanyar da zan nuna miki, ni ma ban samu ba, kullum ina kallon jikina yana komawa inda na gudo kuma ban san yadda zan yi da hakan ba. Amma ƙwayar tana kisa, ba ta sallama. In ƙafa ɗaya ta kumbura ta yi zafi, kar a murza, kar a gasa, kar a yi ƙaho, a tafi babban asibiti, a faɗi abin da ake sha ko da murya tana rawa. Ban ce kowane likita irin tawa ba ne, sa'a na yi, amma wanda ya yi shiru ko sa'ar ba zai samu ba. Ku kuma masu farar riga a asibitocin ƙauye, yaron da ya zo ya ce zuciyarsa na ciwo, ko me kuke gani game da shi, amana ya kawo muku. Dariyar da aka yi mini ina aji huɗu ita ce ta bi ni har Dubai ta hana ni zuwa asibiti ina tarin jini. Iyaye, ba na ce ku yarda da abin da zuciyarku ta ƙi ba, amma ku bar ƙofa ɗaya a buɗe da ɗanku zai iya shigowa ya ce ba shi da lafiya.

Wata rana da hantsi, ina nan kwance a asibitin, likitar ta shigo da sabon hoto a hannu. Ta sa an cire mini robar hanci, ta ce in ja numfashi, in ƙara, in ƙara. Tsinken nan babu shi. Ta dubi na'ura, ta dube ni, ta ce haɗarin ya wuce, zan sha maganin tsinka jini na wasu watanni, amma zan rayu. Ta dafa ƙafata ta wuce gado na gaba.

Na ɗauki waya na rasa wanda zan gaya wa. Na kira Inna ta wayar maƙwabcinmu, aka kai mata, layin yana yankewa. Ita zazzaɓi kawai ta sani. Na ce Inna, na warke. Ta ce alhamdulillahi, Auta, a riƙa cin abinci, sai layin ya ɗauke. Can Hajiya ta zo da kunu, na gaya mata, ta ce madalla. Na zaro mayafinta daga ƙarƙashin matashi, inda na ɓoye shi tun ranar farko, na ninke na miƙa mata. Ta dube shi ta ce ya riga ya ɗauki warin asibiti, me za ta yi da shi, in riƙe. Ta ɗauki jakarta ta ce tukunya na jiranta.

Da ta fita na tashi na ja labulen har ƙarshe. A bayansa ina jin 'ya'yan dattijon suna dariya, ina jin takalmin mai gadi yana wucewa. Na warware mayafin, na yafa shi a kaina, na zauna a bakin gado ina jan numfashi har ƙasan huhuna, ina sauraron takun nas don in san lokacin cirewa.